Maciji mai idon kyanwa: tambayoyi da amsoshi kan macijin bishiyar da ya cinye tsuntsayen Guwam

Duk lokacin da bidiyon macijin nan mai naɗe jikinsa a turken ƙarfe yana hawa ya sake yawo a waya, ko aka ba da labarin matattun ɓerayen da ake jefowa daga jirgi mai saukar ungulu, tambayoyi kusan iri ɗaya ne ke dawowa. Na tattara waɗanda aka fi yi, na fara da masu sauƙi. Macizai masu idon kyanwa dangi ne babba, amma na fi tsayawa a kan guda ɗaya, macijin bishiya mai ruwan ƙasa, wanda ya cinye tsuntsayen Guwam, wani tsibiri a Tekun Fasifik, domin babu wanda masana suka bi diddigin rayuwarsa kamar shi.

Wane irin maciji ne ake kira mai idon kyanwa?

Suna ne da ake ba wani dangin macizai da masana ke kira Boiga, wanda ke da nau'i fiye da 30. Ana samun su tun daga Indiya da Sri Lanka, a ratsa kudu maso gabashin Asiya, har arewacin Ostareliya. Kamanninsu kusan ɗaya ne: jiki siriri mai tsawo, wuya ɗan ƙarami, kai mai faɗi, sai manyan idanu da suka ɗan ɓullo waje. Da dare suke yawo, kuma yawancinsu a kan bishiya suke rayuwa.

Launi kam kowa da nasa. Akwai baƙi mai ratsin ɗorawa da ke zama a dazuzzukan bakin ruwa na Malesiya da Indonesiya da Filifin, Boiga dendrophila, wanda ke haura mita 2. Akwai kore shar, Boiga cyanea. Akwai na Indiya, Boiga trigonata, wanda zanen jikinsa ya yi kama da na kububuwar can, har mutane kan kashe shi suna tsammanin ita ce. Namu na wannan shafi sunansa Boiga irregularis.

Me ya haɗa shi da kyanwa?

Ido ne kawai. In ka dubi idon mage da rana za ka ga baƙin tsakiyarsa ya tsuke ya zama tsaga a tsaye, da dare kuma ya buɗe ya cika idon. Haka na wannan maciji yake. Irin wannan ido yana tara ɗan hasken da ke akwai cikin duhu, da rana kuma ya rufe sosai don kada haske ya yi masa yawa. A Ostareliya wasu na kiransa damisar dare saboda ratsin jikinsa da lokacin fitarsa.

A ina yake zaune tun asali?

Arewaci da gabashin Ostareliya, Papuwa Niyu Gini, tsibiran Solomon, da gabashin Indonesiya. Ba ya zaɓen wuri: kurmi, dajin bakin teku, gona, kogon dutse, rufin ɗaki, duk yana zama. Da rana yakan ɓuya a kogon itace ko tsakanin ganyen kwakwa ko wani lungu mai duhu da sanyi, ya naɗe jikinsa ya kwanta. Wannan ɗabi'a ta son lungu ce ta kai shi inda bai kamata ya je ba, kamar yadda za a gani a amsar yadda ya isa Guwam.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, a ƙasarsa ta asali ba annoba ba ne. Maciji ne kamar sauran macizai. Yana cin wasu, wasu na cin sa, tsuntsayen can sun san shi sun san yadda za su kauce masa, kuma abinci ba ya wadatarsa har ya yi yawan da zai dami kowa.

Yaya girmansa da kamanninsa?

Yawanci tsawonsa tsakanin mita 1 ne zuwa 2. A Guwam, inda ya samu abinci a sake, an auna wanda ya kai mita 3 da ɗan ɗoriya. Sai dai duk tsawon nan ba shi da kauri, domin nauyi ba ya amfanar mai yawo a kan siraran rassa. Bayansa ruwan ƙasa ne ko mai ɗan kore-kore da dishi-dishin ratsi, cikinsa kuma fari-fari ko ruwan ɗorawa. Na arewacin Ostareliya sun fi kyau, ratsinsu ja da fari ne a fili.

Idan aka tsokane shi yakan janye gaban jikinsa ya lanƙwasa shi, ya baje kai, ya riƙa kai sara a kai a kai. Wanda bai san shi ba zai ɗauka wani mugun abu ne ƙwarai. Tsoro ne ke sa shi hakan, in ya samu hanya guduwa yake yi.

Yana da dafi? Zai iya kashe mutum?

Yana da dafi, amma yadda yake zuba shi ya bambanta da na kumurci ko kasa. Su waɗannan fiƙoƙinsu a gaban baki suke, masu rami kamar allurar asibiti, sara ɗaya ya isa. Shi kuwa fiƙoƙinsa a can ƙuryar baki suke, ba rami gare su ba, ɗan kwari ne a jikin haƙorin da dafin ke gangarowa ta kansa. Dole sai ya riƙe abin da ya kama ya yi ta tauna kafin dafin ya shiga sosai. Shi ya sa yake haɗawa da naɗe abin da ya kama da jikinsa.

Dafin kansa abin mamaki ne. A shekarar 2009 masu bincike suka bayyana wani sinadari a cikinsa da suka sa wa suna irditoxin, wanda ke shanye jijiyoyin tsuntsu da ƙadangare cikin sauri, amma ƙarfinsa kaɗan ne a jikin ɓera da sauran dabbobi masu shayarwa. An samu makamancinsa a jikin baƙin nan mai ratsin ɗorawa. Wato dafi ne da ya dace da abincinsa, ba don mutum aka yi shi ba.

Babban mutum mai lafiya in an sare shi, yawanci zafi ne da kumburi da ƙaiƙayi a wurin. Jarirai ne abin ji. A Guwam an sha samun macijin ya shiga ɗaki da dare ya kama hannu ko yatsan jariri yana barci, kuma an kwantar da wasu a asibiti saboda numfashinsu ya yi wuya. Ba a tabbatar da mutuwar kowa ba sakamakon saransa. Amma kada wannan ya sa a raina duk macijin da fiƙarsa ke ƙuryar baki, a duba amsar da ta yi magana kan ƙasashenmu.

Me yake ci?

Yana ƙarami, tsaka da kulɓa da ƙananan ƙadangaru ne abincinsa. In ya girma sai ya koma kan tsuntsaye da ƙwansu da 'ya'yansu, da ɓeraye, da jemagu. A kusa da gidaje yana shiga akurki ya haɗiye ƙwai da 'yan tsaki. Da ido yake farauta, yana kuma bin wari da harshensa.

Akwai wata ɗabi'a tasa da ba kasafai ake samu a macizai ba: yana cin mushe. Mataccen ɓera da ya kwana biyu ma ba ya ƙyale shi. Wannan ɗabi'a ce aka kama aka mayar da ita makami a kansa, kamar yadda amsar farasitamol ta bayyana.

Yaya yake hawa bishiya alhali ba shi da ƙafa?

Jikinsa a matse yake ta gefe da gefe, ba zagayayye ba, kuma hakan na ba shi ƙarfin miƙewa a iska ba tare da ya lanƙwashe ba. Yana iya riƙe reshe da wutsiya ya miƙa fiye da rabin tsawonsa ya kamo wani reshen. Ɓawon cikinsa kuma yana maƙale duk wani ɗan tudu da ke jikin itace ko bango.

A watan Janairun 2021 aka wallafa wani binciken da ya ba masana macizai mamaki. Julie Savidge ta Jami'ar Jihar Kolorado da abokan aikinta suna gwada wani faffaɗan bututun ƙarfe mai santsi da za a sa a ƙasan akwatunan sheƙar tsuntsaye don ya hana macijin hawa. Da suka duba abin da kyamara ta ɗauka cikin dare, sai suka ga maciji ya zagaye bututun da jikinsa sau ɗaya, ya harɗe wutsiya da gangar jiki kamar zarge, sannan yana tura 'yan ƙananan lanƙwasa a cikin zargen yana matsawa sama kaɗan-kaɗan. Duk wanda ya taɓa ganin mai hawan bishiyar kwakwar manja da igiya a ƙugu ya gane abin da ake nufi, sai dai shi macijin jikinsa ne igiyar. Bruce Jayne na Jami'ar Sinsinati, wanda ya shafe shekaru yana nazarin tafiyar macizai, ya tabbatar wannan tafiya ba ta cikin hanyoyi huɗu na tafiyar maciji da aka sani a da.

Hawa ne mai wahala ƙwarai. Macijin yakan tsaya ya huta yana haki, wani lokaci ya zame ya koma baya. Na kalli bidiyon sau da yawa, kuma duk da sanin ɓarnar da ya yi, ba na iya hana kaina jinjina wa halittar.

Yaya yake haihuwa?

Ƙwai yake yi. Macen na zuba tsakanin 4 zuwa 12 a kogon itace ko tsagar dutse, inda akwai laima kuma rana ba ta bugawa, sai ta tafi abinta. Bayan kamar wata uku suke ƙyanƙyashewa, kowane ɗa ya fito da dafinsa ya fara neman tsaka da kansa. A Ostareliya haihuwar na bin lokacin zafi da damina, a Guwam kuwa, inda yanayi bai cika sauyawa ba, ana samun masu ƙwai a kowane lokaci na shekara.

Ina ne Guwam, kuma yaya macijin ya isa can?

Guwam tsibiri ne a yammacin Tekun Fasifik, shi ne mafi girma a jerin tsibiran Mariyana, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 540. Yana ƙarƙashin Amurka tun 1898, kuma mutanensa na asali su ne Chamorro. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka sun yi ta kwaso motoci da kayan yaƙi daga sansanoninsu na yankin zuwa Guwam. Masana sun fi karkata ga cewa cikin waɗannan kaya macijin ya ɓuya, daga tsibirin Manus da ke arewa da Niyu Gini, a ƙarshen shekarun 1940. A shekarun 1950 aka fara ganinsa kusa da tashar jiragen ruwa ta Apra.

Daga nan ya bazu a hankali, daga kudu zuwa arewa. Ya tarar da abinci ko'ina, kuma ban da aladun daji da damo da kan ci shi jefi-jefi, babu mai taɓa shi. A wasu dazuzzukan yawansa ya taɓa kaiwa kusan 100 a hekta ɗaya, wato fili da ya ɗan ɗara filin ƙwallo.

Da gaske ne shi kaɗai ya ƙarar da tsuntsayen tsibirin?

Kusan haka ne, kuma nan ne labarin ya fi taɓa ni. Tsuntsayen dajin Guwam sun yi dubban shekaru ba su taɓa haɗuwa da macijin da ke hawa bishiya da dare ba. Ba su san su ɓoye sheƙa ba, ba su san su gudu ba. Daga cikin nau'i 12 na tsuntsayen daji 'yan asalin tsibirin, 10 sun ɓace daga can. Wani ɗan ƙaramin tsuntsu mai kama ƙwari da Chamorro ke kira chuguangguang, wanda babu shi ko'ina a duniya sai Guwam, an yi masa ganin ƙarshe a farkon shekarun 1980. Ya tafi ke nan har abada. Hankakan Mariyana ma ya ƙare a tsibirin. Waɗanda suka rage su ne såli, wani baƙin tsuntsu da ya fake a inda ake tsaron macijin, da wata tsattsewa mai sheƙa a cikin kogo.

Da farko ba a yarda maciji ne ba. An zargi cuta, an zargi maganin ƙwari, an zargi sare daji. Julie Savidge, wadda a lokacin take karatun digirin digirgir, ita ce ta bi abin daki-daki. Ta nuna cewa duk yankin da macijin ya isa, tsuntsaye na ɓacewa bayansa, ta gwada jinin tsuntsaye ba ta samu wata annoba ba, ta sa tarkuna da tsuntsaye a ciki ta ga abin da ke zuwa ya cinye su. Ta wallafa sakamakon a 1987. Kafin a gama gardama, yawancin tsuntsayen sun riga sun tafi.

Wani zai ce, to da tsuntsayen suka ƙare me ya hana macijin mutuwa da yunwa? Ƙadangaru da kulɓa da ɓeraye ne suka riƙe shi, da yawansu ma baƙi ne da mutane suka shigo da su tsibirin, masu saurin hayayyafa. A duba amsar abincinsa.

In tsuntsaye sun ƙare, me ya shafi dajin?

Masu zuwa Guwam kan ce abin da ke fara damunsu shi ne shiru. Daji kore shar, amma babu kukan tsuntsu da asuba. Abu na biyu shi ne yanar gizo-gizo. Binciken da Haldre Rogers ta jagoranta a 2012 ya gano cewa da damina yanar gizo a dajin Guwam ta ninka ta tsibiran da ke maƙwabtaka da shi har sau 40, domin babu mai cin gizo-gizon.

Wanda ya fi muni ba a ganinsa da ido nan take. Yawancin bishiyoyin tsibirin tsuntsaye ne ke shuka su: su ci 'ya'yan itace, su kai ƙwallon nesa su zubar cikin kashinsu. Yanzu 'ya'yan na faɗowa ne a gindin uwar, inda inuwa da ƙwari da ruɓa ke kashe su. A 2017 Rogers da abokan aikinta suka auna nau'in bishiya biyu, suka ƙiyasta sabon tsiro ya ragu da kashi 61 zuwa 92 cikin 100. Manomin da ya san yadda tsuntsu ke shuka bishiya a bakin gonarsa ba tare da an sa shi ba zai fahimci girman wannan asara.

Me ya haɗa maciji da ɗaukewar wutar lantarki?

Yana hawa falwaya kamar yadda yake hawa bishiya. In jikinsa ya haɗa waya biyu, ko waya da ƙarfen turke, sai wuta ta tartsatsa, shi ya ƙone, unguwa ta shiga duhu. Tsakanin 1978 da 1997 an ƙirga ɗaukewar wuta fiye da 1,600 a Guwam da macijin ya jawo.

Wai da gaske farasitamol ake kashe shi da shi?

Gaskiya ne. Maganin ciwon kan da muke sha guba ne ga wannan maciji, yana hana jininsa ɗaukar iska. Miligiram 80 ya isa, bai kai kashi ɗaya cikin shida na ƙwayar miligiram 500 da babba ke sha ba. Ana sa maganin a jikin mataccen ɗan ɓera, a haɗa shi da kwali da dogon ƙyallen takarda, a jefo daga jirgi mai saukar ungulu. Takardar ce ke maƙalewa a rassan sama, inda macijin yake, don kada ɓeran ya faɗo ƙasa kaguwa da sauran dabbobi su cinye. A ƙarshen 2013 an jefa kusan 2,000 a sansanin sojan sama na Andersen, daga baya aka ƙera na'urar da ke harba su da kanta daga jirgin.

Kada wani ya karanta wannan ya fara zuba farasitamol a gida don maganin macizai. Yawancin macizai ba sa cin mushe, maganin kuma yana kashe kyanwa, yana cutar da kare, ga haɗarin yaro ya tsinta.

Me ake yi don kada ya tsallaka wasu tsibiran?

Wannan aikin ya fi kashe macizan muhimmanci. Ma'aikatar gona ta Amurka na jera tarkuna a shingayen filayen jirgin sama da tashoshin ruwa, kowanne da ɓera mai rai a wani ɗaki da macijin ba ya iya kaiwa gare shi. Ma'aikata na bin shinge da tocila da dare. Ana kuma amfani da ƙananan karnuka masu horo su shinshina kaya da jirage kafin su tashi, domin macijin kan ɓuya har a ramin tayar jirgi. Hawayi, wata jihar Amurka mai tsibirai a Tekun Fasifik, ita ce aka fi ji wa tsoro, don tsuntsayenta ma ba su san maciji ba, kuma tsakanin 1981 da 1998 an samu guda 8 a can, wasu matattu wasu da rai.

Akwai irinsa a ƙasashenmu?

Shi kansa babu shi a Afirka. Amma yana da 'yan uwa na kusa da a da ake lissafa su cikin Boiga, yanzu aka ware su da sunan Toxicodryas. Babban cikinsu, Toxicodryas blandingii, yana zaune a kurmin kudancin Najeriya da Gana da Kamaru har tsakiyar Afirka, yana haura mita 2. Namijin baƙi ne mai cikin ɗorawa, macen ruwan ƙasa. Shi ma da dare yake bin tsuntsaye da jemagu da hawainiya.

Gargaɗi biyu a nan. Na farko, kada a ce za a gane maciji mai haɗari ta idonsa. Kasa da kububuwa idonsu tsaga ne a tsaye kamar na mage, kuma suna kisa. Kumurci da gamsheƙa nasu zagayayye ne, su ma suna kisa. Na biyu, akwai macijin bishiya na Afirka da ake kira bumsilan, mai manyan idanu, wanda fiƙarsa ke ƙuryar baki amma dafinsa na sa jini ya ƙi daskarewa. Shi ya kashe masanin macizai Karl Schmidt a Chikago a 1957.

Saboda haka duk macijin da ya sari mutum, asibiti za a nufa. Kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe da awarwaro, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin a kai shi. A arewa asibitin Kaltungo da ke jihar Gombe ya shahara da jinyar saran maciji.

Za a iya kawar da shi daga Guwam? Tsuntsayen za su dawo?

Kawar da shi daga tsibirin gaba ɗaya abu ne mai wuya, saboda dajin na da duwatsu da ramuka, ƙananan macizan kuma ba sa kula ɓera, ƙadangare suke nema. Abin da ake iya yi shi ne a killace wani yanki da shingen da ba ya hawuwa, a rage su a ciki.

Tsuntsaye biyu sun tsira saboda an kwashe ragowarsu kafin su ƙare. Ko'ko', tsuntsu mai kama da fakara wanda ba ya tashi, an kiwata shi a keji, aka saki wasu a tsibirin Rota, wasu kuma a ɗan tsibirin Kokos da ke kudu da Guwam a 2010. A 2019 aka cire shi daga jerin dabbobin da suka ƙare a daji, abin da sau ɗaya kawai ya taɓa faruwa ga wani tsuntsu kafin shi. Sai dai a 2020 an gano macijin ya isa Kokos ɗin ma, kuma mutanen gari da ma'aikata na fita da dare suna farautarsa.

Na biyun shi ne sihek, mai dogon baki da fukafukai shuɗaye. Guda 29 aka kama a shekarun 1980, kuma duk wanda ke raye yau daga cikinsu ya fito. Kusan shekara 40 yana gidajen namun daji. A watan Satumban 2024 aka saki 'yan kaɗan a tsibirin Palmira, inda babu maciji kuma babu ɓera, dubban kilomitoci daga Guwam. Burin masu aikin shi ne wata rana a mayar da jikokinsu gida, in an samu dajin da aka tsabtace da zai karɓe su.